Motar da Ta Ƙi Sunkuyawa

Shinkafi, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Nusaiba da yara. Mu nan lafiya, sai zazzaɓin kaka da ya zagaya gidan ya wuce. Tunda aka yanke layin waya mun koma zamanin takarda, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Direban da ya miƙa maka wannan, ta hannunsa za ka maido amsa.

Maganar Inna ce. Ta zame a bakin rijiya a Jangeru, ƙugunta ya bugu. Maɗori ya shafa ya ce babu karaya, amma har yau ba ta taka ƙafar hagu, kuma malamin asibitin da ya duba ta ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin a Ƙaura. Na ce ta dawo wurina kafin a shirya. Ka san ni 'yar fari ce, ba a amsa mini kai tsaye. Bango ta kalla, shi ta gaya wa cewa ita ba ta kwana gidan suruki. Saura gidanka ke nan.

Zaman Jangeru kuma ya fara ƙi. Mutanen daji sun matso ƙauyukan da ke kusa da su, gidaje da yawa a unguwarsu an rufe an tafi. Tsohuwar da ba ta iya taka ƙasa, in aka ce a gudu, yaya za ta yi?

Ta yarda za ta zo, amma da hatsinta. Geron bana ya yi kyau, ƙanenta Kawu Haladu ya sa an sussuke an zuba a buhuna. Ga maganarta yadda ta faɗa: "Ni ba ni tahiya in bar ma ɓarayi gumin shekara. In hatsina na nan, ni ma ina nan." Na ce a kai ta tukuna, hatsi ya biyo baya. Ta ce ta daɗe da sanin irin wannan biyo bayan. Ban yi mata musu ba, don hanyar Ƙaura yanzu sai ranar da jami'an tsaro ke rakiya, kuma ba wanda ya san ko za a ci gaba da yi. Tafiya ɗaya muke da ita, ita da hatsin tare.

Sai maganar akori-kurar da Baba ya bar mana. Tunda ka cusa mata sifirin babbar mota don lodin Zurmi, ta zama amalanke. Na shige ta da sallah, haƙorana suka yi ta haɗuwa har na sauka. Mai lafiya ma ya ji jiki, balle mai ciwon ƙugu. Kai ne bakanike, kai ka ɓata ta, sai ka san yadda za ka yi.

Inna ta ce kada ka kuskura ka hau hanyar nan da kanka. Ka turo Dogo, tunda shi ke tuƙa ta.

Yayarka,
Ummusalma

Ƙaura Namoda, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Ummu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, hankalina ya tashi da labarin Inna. Allah ya ba ta lafiya. Ki gaida Alhaji da yara. Nusaiba tana gaishe ki, ta riga ta share ɗakin da ke kusa da rijiya ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

Yaya, ban ɓata motar Baba ba. Sifirinta na asali ya gaji, in aka ɗora kaya sai gindinta ya zauna a kan ƙarfe. Shi ya sa na ƙara mata falle masu kauri. Amma kin yi gaskiya, waɗancan fallen ba sa lanƙwasa sai da kaya mai nauyin gaske, kuma hatsin Inna bai kai ya tausasa su ba. Duk ramin da taya ta faɗa, a ƙugunta zai sauka.

Ga abin da na yi. Na cire su gaba ɗaya, na sa sabon sifiri na kasuwa, mai matsakaicin ƙarfi, wanda ke lanƙwasa da laushi. Shi kaɗai zai yi wa mutum daɗi amma zai sunkuya da buhuna. Sai na haɗa masa da wata aba da na daɗe da ajiye ta a shago, na saye ta hannun wani mai kayan gyara a Gusau, ban sami motar gwadawa ba. Jakar iska ce ta roba mai kauri, guda biyu, siffarta kamar zugazugin maƙera. Ana ɗaura kowace a gefe ɗaya, tsakanin shasi, wato ƙashin bayan mota, da ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Sifiri na ɗauke da kayan, jakar na tallafa masa. In kaya ya yi nauyi a ƙara iska, in mota ta koma wayam a rage, amma ba a barinta babu iska sam, don robar za ta matse ta yage. Na ba kowace jaka bakin hurawa nata daban, kada iska ta gudu gefe ɗaya in mota ta karkata a kwana.

Jiya na gwada ta. Na ɗora buhunan siminti, na hura, na ajiye kwanon ruwa a kujerar gaba, na bi hanyar bayan tashar jirgi da kin san ramukanta. Ruwan ya yi rawa amma bai zube ba. Ki gaya wa Inna, motar yanzu ba ta sunkuyawa ko an ɗora mata kaya, a miƙe za ta tsaya kamar ranar da Baba ya sayo ta.

Dogo zai taso da rakiyar da ke tafe. Na nuna masa komai, na ba shi famfon ƙafa na hura jakar. A sa wa Inna matasai biyu, a kwantar mata da kujera baya.

Ina jiran ki janye kalmar amalanke.

Ƙanenki,
Hafizu

Shinkafi, ranar Talata

Zuwa ga Hafizu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Inna tana nan yadda take, ciwon ya fi damunta da asuba. Takardarka ta daɗe a hanya, har na fara ƙullatarka, na ce yaron nan an gaya masa uwarsa na kwance ya yi shiru. Ashe ita da Dogo kusan tare suka iso.

Na janye amalanke. Dogo ya kai ni Jangeru a cikinta, ban san mun wuce ramin bakin gada ba sai da na waiwaya. Zugazugin naka ya yi aiki, Allah ya yi maka albarka.

Na karanta takardarka a tsakar gidan Inna, Kawu Haladu na zaune, maƙwabta sun shigo dubiya. Da na kai inda ka ce motar ba ta sunkuyawa ko an ɗora mata kaya, sai Kawu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce shi tun yana saurayi yake yi wa Baba lodi bai taɓa ganin motar da ba ta gajiya ba, amma zamani ya zo da abubuwa. Kafin in dawo Shinkafi magana ta zagaye unguwa. Ka san mutanen Jangeru da yawa 'ya'yansu da matansu suna gudun hijira a Ƙaura, suna cin abin da aka ba su. Zubaida maƙwabciyar Inna ta zo tana roƙo a tafi wa jikokinta da buhu. Bayanta wasu suka biyo. Inna ba ta iya cewa a'a, ni ma da na ga fuskokinsu ban iya ba. Na ce musu ƙanena ya rubuta da hannunsa, mota za ta ɗauka.

Dogo ya ɗan yi gunaguni, ya ce kai ba haka ka gaya masa ba. Kawu ya ce ya kwantar da hankalinsa, za a yi lodi yadda Baba ke yi: a riƙa ɗorawa ana sa tafin hannu tsakanin taya da bodi, in hannu ya daina shiga a tsaya. Da wannan awon suka yi shekara da shekaru ba a taɓa karya mota ba.

Famfon ƙafar da ka ba Dogo ya lalace, robar cikinsa ta tsage. Amma kada ka damu, ya ce ranar tafiya zai biya wurin Ɗanbaba mai faci nan Shinkafi ya cika jakunkunan tam kafin ya shiga Jangeru, tunda can babu mai injin iska.

An ce za a yi rakiya mako mai zuwa. Kawu zai raka ta, a saman kaya zai zauna. Ka sa Nusaiba ta tanadi kunu marar tsami, shi kaɗai Inna ke iya sha yanzu.

Yayarka,
Ummusalma

Ƙaura Namoda, ranar Juma'a

Yaya Ummu,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya, direban na jirana a bakin shago.

Don Allah ki tsayar da lodin nan. Da na ce motar ba ta sunkuyawa, ban ce ta ƙara ƙarfi ba. Iska tana ɗaga gindinta ne kawai. Shasi na nan yadda yake, tayoyi na nan yadda suke, birki ma haka. Abin da take ɗauka a zamanin Baba shi take ɗauka yau.

Awon Kawu daidai ne, amma yana aiki ne don motar na sunkuyawa. Sunkuyon shi ne bakin da take cewa ya isa. In Dogo ya cika jakunkunan kafin lodi, an toshe mata baki. Hannun Kawu zai yi ta shiga har kayan ya fi ƙarfinta, kuma ba wanda zai gani sai a kan hanya.

Na gaya wa Dogo a yi lodi tukuna sannan a hura, amma ban gaya masa dalili ba, na ɗauka a fili yake. Ki ce ya sace iskar ya bar kaɗan, Kawu ya auna da hannunsa, in an gama a hura. Ko famfon keke ya isa. Hatsin Inna kaɗai za a ɗauka, in akwai sarari a ƙara na Zubaida. Ki ba sauran haƙuri da sunana.

Ki aiko mini da amsa ko layi ɗaya ne.

Hafizu

Shinkafi, ranar Alhamis

Hafizu,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya ce babu.

Takardarka yanzu ta shigo hannuna, bayan azahar. Direban ya ce sun taso aka maida su daga hanya, ya yi kwanaki a Ƙaura da ita a aljihu, bai yi tunanin maido maka ba. Motar kuwa tun da hantsi ta bi ayari. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ina wurin aka yi lodin, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Dogo ya iso da gindin motar a ɗage kamar za ta tashi sama. Aka fara da buhunan Inna, su ne a ƙasa. Kawu ya sa hannu, ya shiga har da sarari. Aka ɗora na Zubaida, ya sa hannu, ya shiga. Daga nan mutane suka yi ta fitowa da nasu, wani buhu, wani rabi, wata tsohuwa da ƙullin wake. Duk wanda aka ɗora sai Kawu ya durƙusa ya auna ya ce, "Da saura." Dogo ya ce masa tayoyin sun fara baje ciki. Kawu ya kama hannun Dogo ya cusa a wurin ya ce, "Kai ma taɓa ka ji. Hannu na shiga, mi kaka tsoro?" Dogo yaro ne a gaban Kawu, ya ja baya aka ci gaba da lodi. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, ina cewa a raina ƙanena ya iya aiki. Ba a tsaya ba sai da kaya ya wuce kan direba, igiya ta ƙare.

Muka ɗauko Inna a kan tabarma muka sa ta gaba. Ta riƙe wani ƙulli a cinya, na ce ta kawo a sa a baya, ta yi kamar ba ta ji ba. Har motar ta tashi ba ta dube ni ba, amma ta ɗaga hannu.

Na yi fushi da kai da na gama karantawa. Me ya hana ka faɗi wannan tun a takardar farko, maimakon labarin kwanon ruwa? Sai kuma fushin ya dawo kaina. Ni na tsaya a tsakar gida na karanta wa jama'a abin da ban gane ba, har da maimaitawa. Ni na ce mota za ta ɗauka. In wani abu ya sami Inna a hanyar nan, bakina ne ya jawo.

Alhaji ya je tasha ya tambaya, ba motar da ta shigo daga Ƙaura bayan wadda ta kawo takardarka. Ba waya, ba wanda zan tambaya. Duk halin da ake ciki ka rubuto mini shi yadda yake, kada ka tausasa.

Ummusalma

Ƙaura Namoda, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Ummu,

Assalamu alaikum. Inna tana gidana, da ranta, ta sha kununta yau da safe. Kawu da Dogo ma lafiya. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Takardarki ta same ni jiya, ga amsa yadda kika nema, daga bakin Dogo da Kawu.

Sun wuce Moriki da kaɗan tayar baya ta dama ta fashe. Allah ya taimaka ba gudu ake yi ba, Dogo ya riƙe sitiyari ya sauka gefe. Ayari bai tsaya ba. Ɗaya daga masu rakiya ya ce musu ba za a tsayar da motoci duka saboda ɗaya ba, su yi sauri su biyo. Kafin Dogo ya kwance safaya, ƙurar ayarin ma ta kwanta.

Da ya shiga ƙarƙashi zai sa jak, sai ya ga shasi ya fara tsagewa daidai inda jakar iska ke tokare da shi. Ya fito ya gaya wa Kawu cewa in ba a rage rabin kayan ba, motar za ta rabe biyu kafin Ƙaura. Akwai ɗan ƙauye a bakin hanyar, mutanensa suka fito suna kallo. Dogo ya ce bai taɓa ganin mutane da yunwa ta bayyana a wuyansu haka ba. An hana su zuwa gonakinsu bana.

Kawu ya ce a sauke na maƙwabta, su ne a sama, kuma don Inna aka kawo mota. Har an fara kwance igiya sai Inna ta tura ƙofa. Ta ce, "Haladu, wanga hatsi amana anka ba ni, yara na can suna jira nai. Nau za a sauke." Kawu ya tuna mata nata ne a can ƙasa, sai an sauke komai kafin a kai gare shi, ga rana na yin yamma, ga inda suke. Ta ce to ya daina magana ya fara.

Haka aka yi. Mazan ƙauyen suka kama, aka sauke kayan duka a bakin kwalta, aka fitar da buhunan Inna gefe. Dogo ya sace iskar jakunkunan, aka maida na mutane, Kawu yana durƙusawa yana sa hannu. Da aka ɗora na ƙarshe hannunsa ya shiga da ƙyar. Dogo ya ce Kawu ya daɗe a durƙushe a wurin bai tashi ba. Wani mutumin ƙauyen ya kawo famfon kekensa aka ɗan hura.

Kawu ya so a bar buhunan ajiya wurin mai unguwarsu. Inna ta ce a'a, in ta bar su ajiya zuciyarta za ta kwana a bakin hanya kullum. Ta sa aka kira mai unguwar ta ce masa, "Ku raba ku ci, ku yi ma Malam Gado addu'a." Rabona da in ji an ce ta kama sunan Baba da bakinta, ban ma taɓa ji ba. Suka taho a hankali kamar masu tafiyar ƙasa, su kaɗai a kan hanya, suka shigo Ƙaura ana kiran magariba. Ina tsaye a tasha tun la'asar.

Jiya na zagaya da Kawu muka kai wa kowa saƙonsa. Jikokin Zubaida suna zaune a wani kango bayan kasuwar hatsi, babbar ta rungume buhun ta ƙi saki.

An ɗauki hoton ƙugun. Ƙashin ya tsage amma bai rabu ba, likita ya ce kwanciya ce ta watanni, kuma a shekarunta sai an yi haƙuri. Motar tana shago, zan yi wa shasin walda in ƙara masa ƙarfe. Jakunkunan suna nan lafiya, ba zan cire su ba, amma na cire bakunan hurawar daga waje na maida su bayan kujera, inda sai an gama lodi za a tuna da su.

Kin ce bakinki ne ya jawo. Alƙalamina ya riga bakinki, Yaya, mu bar shi a nan. Na karanta wa Inna takardarki, ban tsallake komai ba. Da na gama ta ce a miƙo mata ƙullin da ta riƙo a cinya. Zangarniyoyin gero ne, zaɓaɓɓu, irin shuka da take warewa kowace kaka tun kafin a haife mu. Shi kaɗai ya iso Ƙaura cikin hatsinta. Ta raba biyu da hannunta, ta sa Nusaiba ta rataye rabi a ɗakinta inda za ta riƙa gani daga kwance. Ɗaya rabin shi ne a cikin ƙullin da direban zai ba ki tare da wannan takarda.

Na tambaye ta me zan rubuta. Ta juya ta kalli bango, kin san yadda take yi, ta ce, "Ka ce ma waccan ta Shinkahi ta bar kuka. Ta aje wanga inda ɓera ba ya kai. In ƙafata ta taka kafin ruwa, ni ka shuka. In ba ta taka ba, ta san gonar."

Ki duba ƙullin da kyau in ya iso, a zanenta ta ɗaure shi.

Ƙanenki,
Hafizu